Ranar da Babanku Ya Ce Jirgi Ya Cika

A cikin tarihin gidanmu da nake rubuta muku, na so in tsallake wannan shekarar kamar yadda na tsallake waɗansu. Abin da ya hana ni shi ne maganar da ta iso kunnena bayan babbar sallar da ta wuce, cewa kuna shawara a tsakaninku za ku tayar da zancen gonar fadama da take hannun 'ya'yan baffanku Sale, har wani a cikinku yana ambaton kotu. Na ji kuma irin labarin da kuke riƙe da shi, wai Sale ne ya shiga tsakanin babanku da kakanku har ya raba su, ya hau kan gonar. A gari kuwa har gobe akwai tsofaffin da suke cewa babanku ya tozarta mahaifinsa a bakin ruwa. Duka biyun ba haka aka yi ba. Ina wurin, da goyo a bayana, kuma hannuna yana cikin maganar fiye da yadda kuka sani. Ku karanta har ƙarshe kafin kowa ya taka ofishin lauya.

Shekarun nan ne na wahala, lokacin da ake layi a kan sabulu da sukari. Babanku yana aiki a wata masaƙa a Kano, muna haya a wajen Rijiyar Zaki, sa'ad da gonaki suka fi gidaje yawa a can. Rana ɗaya aka rufe sashensu aka sallame su. Muka ɗaure 'yan komatsanmu muka koma ƙauye, gidan Baba, wato kakanku, a hayin dam, inda in ka tsaya a kan tudu kana hango Bagwai a ɗaya gaɓar. Mun tarar da gidan shi ma yana nishi. Damina biyu a jere ruwan sama ya ɗauke alhali gero yana tsakiyar fid da kai, taki ya gagari talaka, rumbu kuwa tun kafin bazara ake jin ƙasansa. Inna, kakarku, da hannunta take auna hatsi ta ba mu ni da Hansai matar Sale, kuma tukunyar tuwo sau ɗaya take hawa murhu a yini. Baba ya nuna wa babanku gonar fadama ya ce ya riƙe ta ya yi albasa da tumatir. Bai ce na ba ka ba, amma kowa a gidan ya ɗauka tasa ce, tunda shi ne babba, kuma shi ne ya dawo ba shi da komai.

Babanku ya yi noman, sai dai mutum ne wanda hannunsa ya saba da inji. Wata rana ya dawo daga Bagwai da takarda a naɗe cikin hularsa ya miƙo mini, don ni ce mai Turancin gidan. Na gama sakandare kafin aure, abin da Inna ba ta ganin amfaninsa sai ranar karanta takardar magani. Ofishin da ke kula da dam ne yake neman matuƙan jirgi mai inji, waɗanda za su riƙa kai malaman gona da na asibiti ƙauyukan hayi. Sharaɗin shi ne mutum ya yi damina ɗaya da rani ɗaya yana aiki a kan ruwa, wani sanannen mai jirgi ya sa masa hannu cewa ya iya kuma an amince da shi, sannan su gwada shi su ba shi takardar tuƙi. A ƙasan takardar akwai fili fari da aka ja wa layi, wurin sa hannun mai jirgin. Na karanta, na fassara, na ɗago kai.

"To Malam, ai mu ko kwale-kwale ba mu da shi."

"Ba su ce sai mai jirgi ba," in ji shi. "Cewa suka yi wanda ya iya. Direban tirela nawa kika sani da tirelar kansa?"

Mai jirgin inji a gaɓarmu mutum ɗaya ne, Malam Bukar. Babarbare ne, iyayensa sun taso daga wajen tafkin Chadi suka zauna a ƙasar Kano tun yana ƙarami, da aka yi dam sai ya dawo bakin ruwan da sana'ar gidansu, wato fito. Shi yake ƙetarar da mutane da kayansu ranar kasuwa, don hanyar ƙasa zagaye ce mai nisa. Dogo ne, ba ya dariya, ba ya kuma gama magana. Babanku ya same shi, suka daidaita a kan zai riƙa yi masa aiki ba lada, sai ɗan kifin miya in an samu, shi kuma zai koya masa, in ya ga ya isa ya sa hannu. Yaushe zai ga ya isan, bai faɗa ba. Da babanku ya kai wa Baba maganar da safe bayan gaisuwa, ina tsakar gida ina shara, na ji komai.

"Fito?" in ji Baba. "Mu manoma ne. Kakanka ko rijiya ba ya leƙawa sai ya yi bisimilla. Kai kuma za ka je ka zama bara a jirgin baƙo."

"Ba zan saki fadamar ba, Baba. Da sassafe in yi ban-ruwa, da hantsi in tafi."

"Mu gani."

Ni mai lura ce. Wannan halin ya amfane ni a wurare da yawa, a shekarar nan kuwa ya cuce ni. Ni nake wanke kayan babanku. Lokacin masaƙa, ko sau uku na cuɗa rigarsa sai na ji baƙin mai a jikinta. Yanzu wata uku, wata huɗu, ban taɓa jin ƙanshin fetur a hannun rigarsa ba, sai ƙarni da laka. Wandonsa kullum a jiƙe har gwiwa. Tsakanin yatsun ƙafarsa ruwa ya ci ya yi fari, ƙugunsa kuma yana ciwo irin na wanda ya yini a sunkuye. Mai tuƙi kuwa, ko ni da ban san jirgi ba na san a zaune yake a baya, hannunsa a kan inji. In na ce, "Malam, ana koyo?" sai ya ce, "Ana koyo," ya ja buta ya yi alwala. Hansai ce ta warware mini wata rana da ta dawo daga kasuwa, tana sauke kaya tana dariya.

"Yaya, yau na ga direban naki a bakin aiki. Wallahi ya iya ƙwarya! Tun daga gaɓar nan har waccan bai ɗago kai ba."

Jirgin katako ne, yana tsatsar ruwa ta mahaɗa, dole wani ya tsuguna a tsakiya yana kwashewa yana zubarwa. Aikin babanku ke nan, da ɗaure igiya, da ɗora buhuna, da zaunar da mutane daidai don kada gefe ɗaya ya rinjaya. Mutumin da yake kwance injin saƙa ya mayar. Sale kuwa, ƙanin miji ba ya rasa abin tsokana, ya samu na watanni.

"Matar direba, yau albashi nawa? Tarwaɗa biyu ko uku?"

"Uku ne," nake ce masa, "kuma kan babbar a kwanonka na gan shi jiya."

Ina mayar masa da wasa, amma cikina ba wasa. Na fara tambaya a wurin mata, da dabara, a gidan suna da bakin rijiya. Na ji cewa kafin babanku samari biyu sun yi wa Malam Bukar irin wannan zaman, kowanne ya kusa shekara, kowanne ya tafi ba sa hannu. Sai lissafin ya fito mini sarai: mutumin nan ya samu hanyar samun bara kyauta, in wannan ya gaji ya tafi wani ya zo. Takardar tana cikin akwatina a tsakanin zannuwa, nakan buɗe in duba farin filin nan kamar zai cike kansa. A gefe kuma albasar fadama ta fara nuna rashin mai ita, Baba yana zuwa ya tsaya a kan kunyar gonar ya duba ya dawo.

Akwai zargi na biyu da ya fi wannan hana ni sukuni. Ana cewa mutanen ruwa suna da abin da suke yi wa ruwa, yanka ne ko wata ajiya, kuma ba sa sakar wa mutum sana'ar sai ya shiga ciki. Wata rana babanku yana cin abinci ya ba ni labarin wata ƙusa. Ya ce a gefen jirgin ta waje, daf da inda matuƙi yake zama, an kafa ƙatuwar ƙusa an shafa mata jan fenti. In ana lodi jirgi yana nutsewa a hankali, da ruwa ya taɓa ƙusar an gama, ko kaza ba a ƙarawa. Ya ce duk wata huɗun nan abin da Malam Bukar yake nanata masa ke nan. Shi ma'aunin lodi yake gaya mini. Ni kuwa da na tashi a garin da in an tono ƙusa a bakin ƙofa sai an kira malam, abin da kunnena ya ji shi ne ƙusa, ja, a jikin jirgi. Na shiga tofa masa addu'a a ruwan sha ba tare da ya sani ba. Na shiga laluben aljihunsa ina neman laya. Ran da na ji wani abu mai tauri a ƙulle cikin tsumma, na yi a'uziyya na kwance, sai ga tsohon fulogin inji. Ko wannan bai sa na ji kunyar kaina ba.

Har gidan Malam Bukar na je, da sunan sayen turaren wuta a wurin matarsa, Ya Falmata. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka yi ta kewaye-kewaye kafin na sako zancen.

"Ya Falmata, shi sa hannun nan sai an shekara nawa ne?"

"Ba shekara yake ƙirgawa ba, 'yata. Akwai abin da yake jira ya gani."

"Mene ne shi?"

"In ya faɗa, ai kowa sai ya yi don a gani."

Na fito da turare a hannu da zargi ninki biyu a zuciya. Matar nan gaskiya ta gaya mini, amma mai zargi ko gaskiya aka ba shi sai ya juya ta ya duba bayanta.

Damina ta wuce, rani ya yi nisa. Na fara jin ɗan warin fetur a rigar, amma na ce ai ɗaukar jarka ma tana sa haka. Ran nan ana jibi kasuwar Bagwai babanku ya shigo da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ya ce ya daɗe yana tuƙa jirgin ba kowa a ciki, safe da yamma, amma ranar kasuwa Malam Bukar zai ba shi inji da mutane cike, shi zai koma gaba ya zauna kamar fasinja, lodi da tuƙi duk a hannunsa. Na ce Allah ya sa alheri. A raina na ce an ga ya fara gajiya ne, an lasa masa zuma. Washegari da safe, bayan ya fita, na ɗauki kunun Baba da kaina na kai masa zaure, na durƙusa, na yi abin da ya sa nake wannan rubutun.

"Baba, an ce gobe za a ba shi inji. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Da Baba zai je ya gani da idonsa. In gaskiya ne, Baba ya sa masa albarka a gaban mutane. In yaudara ce, Baba ya kamo hannunsa ya dawo da shi gona, don ni ba zai ji tawa ba."

Baba ya daɗe yana juya ludayi a cikin kunun.

"Dama ina da ragon da zan kai kasuwa," in ji shi.

Ban gaya wa babanku ba. Na ce masa dai zan kai goyo asibitin Bagwai a yi mata allura, ke ce Rabi, kina wata biyar. Ranar kasuwar da wuri na isa bakin ruwa, ya zaunar da ni a tsakiya cikin mata. Kuma ga shi, gaskiya ne. Malam Bukar yana can gaba ya juya mana baya yana cin goro, babanku yana tsaye a baya yana cewa wannan buhun a mayar da shi hagu, Hajiya ki matso nan, kai mai kaji ka zauna. Bayan kowane mutum sai ya leƙa gefen jirgin. Na ji kunya ta rufe ni tun daga lokacin, na fara addu'a Allah ya sa Baba ya fasa. Can babanku ya leƙa, ya ɗaga hannu ya ce ya isa, saura su jira sahu na biyu. Ya kwance igiya. A daidai nan na hango farar rigar Baba tana gangarowa daga tudu, yana jan rago, Sale a bayansa da buhun albasa a ka.

Ku fahimci wani abu game da kakanku. Bai taɓa shiga jirgin nan ba, kasuwa da jaki yake zuwa ta zagaye. Abin da ya sani shi ne tashar mota, inda in dattijo ya iso, komai cikar mota sai an matsa masa. Bai makara don raini ba. A saninsa babba ba ya sammakon neman wuri, balle a motar da ɗansa yake ja. Mutanen cikin jirgin ma haka suka sani. Nan da nan aka fara gyara zama, ana cewa a matsa wa Baba, akwai wuri, a ɗora ragon a kan buhuna. Wurin zama kam akwai. Babanku ya sake leƙa gefen jirgin, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa ya tsuguna a inda yake.

"Baba, barka da asuba. Baba, jirgi ya cika. Ka yi haƙuri in kai su in dawo in ɗauke ka."

Baba ya riga ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon. Ya kira babanku da sunansa na yanka, wanda ba zan rubuta ba.

"Ni kake ce wa ya cika?"

"Ruwa ya kai ƙusa, Baba."

"Ƙusa," in ji Baba. Ya juya ya dubi mutanen da ke gaɓa. "Kun ji. Ƙusa."

Na yunƙura na ce ni zan sauka, Baba ya zauna a wurina. Bai ko dube ni sosai ba.

"Koma ki zauna, 'yar nan. Ban zo in sauke mai goyo ba. Ɗana nake tambaya ko akwai wurina a jirginsa."

Sale, wanda kuke cewa shi ya haɗa su, ya sauke buhun ya matso ya ce a hankali, "Baba, mu jira na biyun mana, yanzu zai dawo." Baba ya ce ya rufe masa baki. Wani dattijo a cikin jirgin ya ce wa babanku, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah, mahaifinka ne fa." Duk muka dubi Malam Bukar, don kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe maganar. Bai juyo ba. Ya tofar da goro a ruwa ya ci gaba da kallon hayi. Babanku ya ɗora hannu a kan igiyar injin. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni," murya ƙasa-ƙasa. Baba ya janye ƙafarsa. Babanku ya ja igiyar, injin ya kama a bugu na biyu.

Ba zan ƙara wa labarin gishiri ba. Ba a yi iska ba, ba a yi igiyar ruwa ba. Ruwan nan lumui yake kamar an shimfiɗa tabarma, kuma wataƙila da ya ɗauki Baba da ragonsa da lafiya za mu isa. Allah ne ya sani. Abin da na sani, har muka ƙetare ina kallon farar rigar nan tana ƙanƙancewa a gaɓa, hawaye yana ɗiga a kan zanen goyonki. Da muka isa aka sauke kaya, babanku ya dubi Malam Bukar, shi kuma ya ce, "Je ka, Manomi," don haka yake kiransa. Ya juya da jirgin ba kowa, ya ƙona man sahu guda. Ya tarar da Sale shi kaɗai zaune a kan buhu. Baba ya ja ragonsa ya koma gida, ta tsakiyar gari, kowa yana tambayarsa ko an fasa kasuwar.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baba ya tsayar da liman da mai unguwa a ƙofar gida, ya kira 'ya'yansa biyu. Ya ce su shaida ya ba Sale gonar fadama kyauta, halak malak, daga yau. Muna bayan zana ni da Inna da Hansai. Na ji Sale yana cewa, "Baba, ai ta Yaya ce." Baba ya ce, "Ta wa? Na mutu ne aka raba?" Liman ya ba da haƙuri, mai unguwa ya ba da haƙuri, Baba ya ce ya gama magana. Babanku bai ce komai ba sai "Allah ya ƙara girma." Da yamma ya je ya kwaso fartanyarsa da bokitin ban-ruwa, ya bar wa Sale albasar da ta kusa isa cira.

A makon ne Malam Bukar ya sa hannu, da ajami, manyan baƙaƙe har sun haura layin. Ya Falmata ta zo mini da kanta daga baya. Ta ce samarin nan biyu da suka tafi, kowannensu ya iya inji, amma ɗaya ya ƙara wani malaminsa bayan ruwa ya kai ƙusa, ɗayan ya ƙara surukinsa da babur. Ta ce Malam Bukar yana cewa inji kowa zai koya a wata guda, abin da mutanen tudu ba sa iyawa shi ne su dubi babba su ce masa a'a, kuma ba zai sa sunansa a takardar wanda kunya za ta sa ya nutsar da mutane ba. Ta ce ya so ya roƙi mai unguwa ya zo a makare wata rana don ya gwada babanku.

"Amma wallahi bai so ya zama mahaifinsa ba," in ji ta. "Har yanzu yana tambaya wa ya turo tsohon nan ranar."

Na ce mata ban sani ba. Allah ya yafe mini wannan ma.

Babanku ya ci gwajin ofis, aka ba shi takarda, aka ɗauke shi. Da aikin nan aka ci tuwo a gidan Baba a ragowar shekarun wahalar, buhun masara yana shigowa ya wuce ɗakin Inna, Baba yana ci bai taɓa tambayar daga ina ba. Da shi kuka yi karatu. Amma kullum da safe babanku zai tsuguna a zaure ya yi gaisuwa, Baba ya ce "Lafiya," shi ke nan. Ba faɗa, ba zagi, ba kuma hirar nan da suke yi da ta gona da ta mutanen da. Shekara da shekaru haka. Na kasa ɗauka. Wata safiya na sami Baba yana tufkar igiya a gindin darbejiya, na durƙusa na ce laifina ne, ni na tura shi, kuma ɗansa bai san zai zo ba, ya mayar da fushin kaina.

"Ke kika ɗora ƙafata a kan katakon?" in ji shi. Ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Da ya ɗauke ni, da na ce yaron banza ne, an ba shi amana ya karya don ni. Wannan na gane shi tun kafin in iso gida. Amma an yi a gaban mutane, 'yar nan. Ni ma na yi tawa a gaban mutane. Tashi ki je, tuwonki zai kama."

Babanku kuwa sai da na ƙara shekara biyu kafin na iya gaya masa. Yana gyaran fitila a tsakar gida da la'asar na faɗa masa duka, har laluben aljihun. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi. Ya ajiye fitilar ya dube ni.

"Wata takwas kina tambayar matan gari," in ji shi. "Da ni kika zaunar kika tambaya sosai, Sa'ade, da na gaya miki. Da na san zai zo, da na ajiye masa wuri tun asuba, a gaba, kusa da Malam Bukar."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ni ce ban daina jin ta ba.

Saura abu ɗaya, wanda ba ku sani ba don kuna makaranta lokacin. Da Baba ya rasu, a cinyar babanku ya cika, shi ya yi masa wanka. Bayan sadakar bakwai, kafin a zauna rabon gado, Sale ya shigo sashenmu shi kaɗai, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Ina ɗaki, labule ne kawai tsakaninmu. Ya ce shekarun nan duk yana noman fadamar ne kamar wanda yake cin abincin wani, yanzu tunda Baba ya tafi ga gonar nan, Yaya ya karɓi abarsa, zai faɗa a gaban liman. Yana maganar yana kuka, Sale mai tsokana. Babanku ya bar shi ya gama.

"Baba ya ba ka da bakinsa, yana cikin hankalinsa, da shaidu," in ji shi. "Sau ɗaya na ce masa a'a yana raye, kuma na san abin da ya ci mini. Ba zan sake ce masa a'a yana kabari ba. Riƙe gonarka, Sale. Ka dai riƙa aiko wa yaran nan da albasa."

Har shekarar da Sale ya rasu bai fasa aikowa ba. Buhun da yake isowa gidanmu kowane rani, wanda kuke ci kuna cewa ta ƙauye ta fi zaƙi, daga fadamar nan yake. Babanku an miƙa masa ita a hannu ya mayar. Ban ga da wane baki 'ya'yansa za su je su nema ba. In kuma lalle sai kun sami wanda za ku tuhuma a kan gonar nan, ba sai kun je ƙauye ba. Ina ɗakina, kun san lokacin da nake idar da walaha.